Kafin Ka Jona Akwatin Wutarka: Jagorar Caji, Aiki da Kulawa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, ƙaramin janareto ya koma kwana a lungu a gidaje da shaguna da yawa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ana cikin haka kuma aka shiga duhun watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda babu ko ƙyalli. Daga nan akwatin wuta mai batirin litiyam, wanda a kasuwa ake ce wa fawa sitashan ko janareton sola, ya samu shiga. Yau a Mamudo da garuruwan da ke kan titin Potiskum zuwa Damaturu za ka gan shi a shagon mai aski, a ƙarƙashin teburin mai POS, a rumfar mai cajin waya, har da ɗakin amarya.

Sana'ata haɗa sola ce da gyaranta, kuma akwatunan da ake sauke mini daga bayan babur kusan duk labarinsu ɗaya ne. Da wuya ka ga wanda tsufa ya kwantar. Ko dai an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko zafin ɗakin kwano ya gasa shi, ko an jona masa farantin sola da ya ƙone masa ƙofa, ko an kulle shi wata da watanni babu caji. Tushen abin kuwa guda ne: mutane na ɗaukarsa janareto marar ƙara. Janareto samar da wuta yake yi muddin akwai mai a cikinsa. Shi akwatin nan ajiya ce kawai aikinsa. Abin da ka zuba shi za ka ɗiba, shi ɗin ma ba duka ba.

A cikinsa akwai batir, akwai wani allon lantarki mai gadin batirin da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta in zafi ko nauyi ya yi yawa, akwai inbata mai mayar da wutar batir ta zama irin ta soket, sai kuma caja biyu, ta wutar Nepa da ta sola. Kowane mataki da zai zo a ƙasa don kare ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Abin da za ka tanada

- Littafin bayanin akwatin, da rasit, da takardar garanti. Kada a ba yara kwalin su yi wasa da littafin a ciki.
- Kebul ɗin cajinsa na asali.
- Mitar gwada bolteji ta hannu, musamman in za ka yi amfani da sola.
- Istabilaiza, ko na'urar soket mai jinkirta wuta idan an kawo ta.
- Ekstenshin mai kaurin waya. Siraran nan masu sauƙin kuɗi ɗumi suke yi su narke.
- Benci ko ƙaramin tebur.
- Sabon burushin fenti da busasshen tsumma.
- Biro da takarda. Su ne suka fi sauran muhimmanci.

1. Buga lissafi tukuna

Lambobi biyu ne manya a jikin kowane akwati, masu saye kuma na cakuɗa su. Ta farko Wh, wato wat-awa, ita ce yawan wutar da yake iya ajiyewa. Ta biyu W, wato wat, ita ce nauyin da zai iya ɗauka a lokaci guda. Ka ɗauki ta farko a matsayin girman tankin ruwa, ta biyu kuma faɗin famfon da ke jikinsa. Akwai mai ƙaton famfo da ƙaramin tanki. Zai tayar da dutsen guga lafiya lau, amma in 500Wh ne cikinsa, kafin rabin awa ya ce ga garinku.

Sau da yawa mutum kan zo ya ce mini, "Injiniya, mai shago fa ya ce zai kwana da fanka biyu da firji." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, mu zauna mu buga." Ga yadda ake bugawa. Kowane kayan wuta yana da wat ɗinsa a rubuce, a bayansa ko a ƙasansa. Ka ninka wannan lamba da awannin da za ka kunna shi. Mu ɗauki dare guda a lokacin bazara:

Fanka ta tsaye mai wat 55, awa 8: 440Wh.
Ƙwan fitila uku masu wat 7, awa 5: 105Wh.
Talabijin da dikoda, wat 60 a haɗe, awa 3: 180Wh.
Manyan wayoyi huɗu, kowace kamar 20Wh: 80Wh.

Jimla 805Wh ke nan. Mai akwatin 1,000Wh zai ce ai har da saura. To, inbata ba kyauta take aiki ba. Wajen juya wutar, kusan kashi 15 cikin ɗari kan tafi a zafi, abin da zai iso soket bai wuce 850Wh ba. Ka ga saura ƙiris, in akwatin ya fara kwana biyu kuwa, fanka za ta tsaya kafin kiran assalatu. Yanzu cire waccan fanka ka sa ƙarama mai amfani da wutar batir kai tsaye, irin masu cin wat 20. Awa takwas ɗinta 160Wh ne, jimla ta sauko 525Wh. Canza fanka ɗaya ya fi sayen babban akwati sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa nake fara ba mutane wannan shawara.

Duk abin da aikinsa ɗumamawa ne, dutsen guga, hita, butar lantarki, rishon lantarki, yana cin wat 1,000 zuwa 2,000. Ko akwatinka zai iya ɗauka, ba da su za ka ƙarar da wutar da ka yini kana tarawa ba. Masu mota a ciki kuma, firji da firiza da injin jan ruwa, suna da wata ɗabi'a: lokacin tashi sukan fizgi ninki uku zuwa shida na abin da aka rubuta, na ɗan daƙiƙa. Firiza mai wat 150 tana iya neman 700 ko fiye a farkon tashi. In akwatin bai kai ba, sai ya yi ƙara ya kashe kansa.

2. Karanta jikin akwatin a gaban mai shago

Ko a Potiskum za ka saya, ko ka yi saƙo daga Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas, abu huɗu za ka duba.

Nau'in batir. Ka nemi rubutun LiFePO4 ko LFP. Masu wannan batir kamfanoni kan ba su zagayen caji 3,000 ko fiye kafin ƙarfinsu ya sauko kashi 80, wato shekara takwas da 'yan kai in kullum kana cikawa kana ƙararwa. Ɗaya nau'in, NMC, wanda ya fi yawa a tsofaffin samfura, 500 zuwa 800 ake ba shi. Ya fi rashin nauyi, amma LFP ya fi shi jure zafi, ya kuma fi wuyar kamawa da wuta. A ƙasar da Afrilu ke haura digiri 40, ni ban ga abin tsayawa shawara a nan ba. Kamfanoni irin su EcoFlow da Bluetti da Jackery da Anker duk sun karkata ga LFP a sababbin kayansu.

Bolteji. Wutar Najeriya 230V ce, 50Hz. Akwatin da aka yi don kasuwar Amurka 120V yake bayarwa, 120V kuma yake karɓa. Irinsu na shigowa cikin kayan gwanjo da farashi mai jan hankali. Ka jona shi a soket ɗinmu sau ɗaya, cajarsa ta tafi.

Nauyi. Akwatin LFP mai 1,000Wh na gaskiya yakan yi kilo 10 zuwa 14. In an rubuta 2,000Wh amma yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya yana murmushi, lambar ƙarya ce. Wasu kuma sukan rubuta ƙatuwar lamba irin 300,000mAh don ta cika ido. Ninka ta da 3.2 ka raba da 1,000, za ka ga 960Wh ne kacal. Araha ba ta ado.

Irin wutar inbata. Ka ga an rubuta Pure Sine Wave a jikin kwali. Wadda ba ita ba tana sa fanka gurnani, tana sa motar firji zafi.

Wani abu ga alhazai da masu zuwa sari Dubai ko Sin: dokar jiragen sama ba ta barin fasinja ya shiga da batirin litiyam da ya wuce 100Wh sai da izinin kamfanin jirgi, da izinin ma 160Wh ce iyaka. Wanda ya saya da niyyar sakawa a jaka, a filin jirgi zai baro shi.

3. Nema masa wurin zama

Wannan shi ne matakin da aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi cin akwatuna a yankinmu. Waccan lamba ta zagaye 3,000 a digiri 25 aka gwada ta. Yawancin akwatuna ba a yarda a yi musu caji sama da digiri 40 zuwa 45 ba. Shagon kwano marar silin da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu ko Mayu yana wuce nan. Zafi ba ya kashe batir rana ɗaya, a hankali yake cinye shi, har wata rana ka ga abin da ke kai ka asuba ya koma tsayawa ƙarfe biyun dare. Mafi muni shi ne zafi ya haɗu da cikakken caji: akwati a kashi 100, a rufaffen ɗaki, yini guda.

Ka sa shi a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na bulo da kwano. Ka ɗora shi a benci, don ƙasa nan ne ƙura take, nan ne kuma ruwa ke bi in damina ta shigo ɗaki. Ka bar masa aƙalla taƙi guda ta kowane gefe, kada ka manna shi da bango ko katifa. Kada ya zauna kusa da murhu, ko tukunyar gas, ko galan ɗin fetur, kuma kada ya tare ƙofar ɗakin da ake kwana.

Sai maganar lulluɓi. An taɓa kawo mini wani akwati daga gidan wata Hajiya mai sayar da zoɓo da kunun aya, wai yana mutuwa da kansa. A waje tsaf yake, ko ƙwarzane babu, domin an ɗinka masa riga ta leshi mai kyau saboda ƙura, an rufe shi ruf har ramukan iska. Na haska tocila a gefensa. Ragar da iska ke shiga ta toshe da ƙurar hunturu da zaren tsumma, sun dunƙule sun yi kauri, fankar ciki kuma fukafukanta sun yi ja da ƙasa, tana juyawa da ƙyar tana kuka. Na ce, "Hajiya, wannan ba ciwo gare shi ba, numfashi aka hana shi." Burushi kawai ya sha ya warke. A rufe shi in yana kashe kuma ya huce. Da zarar za a kunna ko za a sa caji, a yaye.

Abin da ya fi janareto da shi shi ne ba ya fitar da hayaƙi, don haka zamansa a ɗaki ba ya kashe mutane cikin barci yadda hayaƙin inji ke yi. Amma in da janareto kake masa caji, injin dai a waje zai tsaya, nesa da taga.

4. Caji da wutar Nepa ko janareto

Sabon akwati da ɗan caji yake zuwa. Kafin ka ɗora masa komai, ka cika shi zuwa kashi 100 ba tare da yankewa ba, don ƙwayoyin batirin su daidaita, lissafin da ke kan sikirin kuma ya samu inda zai fara.

Kada ka bar shi jone a bango yana jiran a kawo wuta sai da kariya a tsakani. Lokacin da aka dawo da wuta ne ta fi zuwa da hauka, caja ce kuma ke fara karɓar dukan. In da istabilaiza za ka bi, ka duba wat nawa akwatin ke ja wajen caji. Na zamani masu cika cikin awa ɗaya da 'yan mintoci suna jan wat 1,000 ko fiye, istabilaizar talabijin ba za ta ɗauka ba. In hadari ya haɗo ana walƙiya, zare shi daga bango da kuma sola.

Wannan cajin gaggawa yana da ranarsa, a inda wuta ba ta daɗewa. Sai dai yana ɗumama batir. In ka san wutar za ta kwana, rage gudun cajin ta maɓalli ko ta manhajar waya, in naka yana da ita. A bazara, cajin dare ko na sassafe ya fi na tsakar rana. In kuma akwatin ya gama aiki mai nauyi jikinsa da ɗumi, ba shi rabin awa ya huce.

Da janareto, ƙaramin nan da ake cakuɗa wa fetur da baƙin mai wat 650 ne gaskiyar ƙarfinsa, ko an rubuta 950 a jiki. Akwatin da ke neman 1,000 zai shaƙe shi, ka ji injin yana tari, akwatin yana kamawa yana saki. Wannan kama-saki ba ya yi wa kowannensu daɗi. Ka sauke gudun caji zuwa wat 300 ko 400, ka bar injin ya daidaita muryarsa kafin ka jona, ka kuma zare kafin ka kashe shi.

5. Caji da sola

A nan ne ake asarar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Kusa da ƙofar sola, ko a cikin littafin, za ka ga an rubuta iyaka, misali 11–30V a ƙananan akwatuna, ko 11–60V a matsakaita. A bayan kowane faranti kuma akwai takarda mai lambobi, a ciki akwai wadda aka rubuta wa Voc. Ita ce boltejin farantin lokacin da ba a ɗora masa komai ba, kuma ita za ka gwada da iyakar akwatinka. Ƙananan farantai sukan nuna 22V zuwa 24V. Manyan nan na saman rufi masu wat 400 zuwa 550 suna nuna 37V zuwa 50V. Babba ɗaya tak ya isa ya ƙone ƙofar akwatin da iyakarsa 30V ce.

In faranti biyu ne, yadda ka haɗa su shi ne magana. Haɗin jere, wato jar wayar wannan ta shiga baƙar wancan, yana tara bolteji: biyu masu 41V sun zama 82V, akwatin 60V ya tafi. Haɗin gefe da gefe, ja da ja, baƙa da baƙa, yana barin bolteji yadda yake, amfiya ce ke ƙaruwa. Rarar amfiya ba ta cika yin ɓarna ba, don akwatin abin da yake iyawa kawai yake ja. Rarar bolteji ita ce ba ta da afuwa, garanti kuma ba ya biyan irin wannan. Ka bar tazarar kashi 10 zuwa 15 ƙasa da iyaka, saboda faranti yana ƙara bolteji in ya yi sanyi. Haɗin da ya zauna lafiya a watan Mayu yana iya tsallake iyaka da sanyin safiyar Janairu.

Kafin ka soka, sa mita a bakin kebul ɗin cikin rana. Ka ga lambar, ka kuma tabbata ja ita ce mai alamar tarawa. Masu haɗa kan kebul da hannu sukan juya su.

Kada ka sa ran abin da aka rubuta a faranti. Mai wat 200 yakan ba da 140 zuwa 160 da tsakar rana, domin shi ma zafi na rage masa ƙarfi. A yini mai kyau zai tara maka kamar 800Wh. Ke nan akwatin 1,000Wh da ake ƙararwa kullum yana son wat 250 zuwa 300, in ƙofarsa ta yarda. Yankin Potiskum yana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti ya kalli kudu, a ɗan kishingiɗe kaɗan, digiri 10 zuwa 15. Kada a kwantar da shi shimfiɗe, ƙura da ruwa za su zauna a kai. Inuwar reshen darbejiya ɗaya a kusurwa tana iya zubar da kaso mai yawa na wutar farantin gaba ɗaya. A hunturu a goge shi da sassafe ko da yamma, ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi ba.

Faranti ne ke son rana, akwatin ba ya so. Na sha ganin an jera su tare a tsakar gida saboda kebul ya yi gajere. Ka sayi ƙarin kebul na sola mai kauri, mai lamba 4mm², akwatin ya zauna a inuwa.

6. Caji a mota

Soket ɗin sigari wat 100 ko ƙasa yake bayarwa, don haka tafiyar Potiskum zuwa Damaturu ɗan ƙari kawai za ta yi maka. A jona sai injin na aiki, in ba haka ba batirin motar ne zai kwanta. Direbobin tirela, waɗanda yankin nan ba ya rasa su, su tuna wutar motarsu 24V ce, su duba ko akwatin na karɓa. Kada kuma a bar shi cikin rufaffiyar mota a rana ranar kasuwar shanu, a tafi ciniki.

7. Jona kaya

Kunna akwatin, kunna sashen da kake so, sannan ka jona kaya ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi a farko, idonka a kan sikirin. Kada jimlar ta wuce kashi 80 na wat ɗin da aka rubuta. Inbatar da ke aiki a ƙarshen ƙarfinta zafi take yi.

Duk abin da zai iya shiga ramin USB ko na 12V, sa shi a can. Mai cajin waya da ya kunna inbata, ya jona ekstenshin, ya jera kawunan caja, yana juya wuta sau biyu, yana asara sau biyu. Akwatin 1,000Wh zai cika manyan wayoyi 35 zuwa 40 in an bi ta gajeriyar hanya. Sannan inbata ko ba a jona mata komai ba tana shan wat 10 zuwa 20 muddin tana kunne. A dare guda wannan ya kai 100Wh ko fiye. Masu cewa "na kwanta da kashi 60 na tashi da 45, ban kunna komai ba", maɓallin AC, wato na inbata, suka bari a kunne.

Masu firiza su sani, a zafinmu tana iya cin 1,000Wh zuwa 1,500Wh ko fiye a yini da kwana. Dabarar ita ce a kunna ta da rana lokacin da sola ke shigowa, ƙanƙara ta kama, da dare a kashe a daina yawan buɗewa. In ta mutu, a jira minti biyar kafin a sake tayar da ita. Akwai kuma tsarin da ake rubuta wa ECO, mai kashe soket in ya ga ba a jan wuta sosai. Firji in ya yi sanyi yakan huta, akwatin sai ya zaci an gama, ya kashe. Wanda ke ajiye magani irin insulin a firji ya tabbata ya cire wannan tsari.

Babban haɗari shi ne kebul mai filogi biyu, kai da kai, wanda wasu ke sokawa a akwati su soka a bangon ɗaki don gida duka ya samu wuta. Ƙarfen filogin da ke hannunka wuta ce tsirara. Wutar kuma tana bin layi ta fita waje, tana iya kama ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layin a mace yake. Ranar da aka dawo da wuta kuwa, inbata ta ƙone nan take. In kana son fitilun gida su ci daga akwatin, mai wayarin ya sa maka cenjoba, ya ware layin fitilu da fanka daban.

8. Iyakar cikawa da iyakar ƙararwa

Ba sai ya mutu ake sa shi caji ba. Waccan al'ada ta tsofaffin batura ce. Zagaye ɗaya yana nufin an sha kashi 100 a jimlace, ko a zama ɗaya ko rabi yau rabi gobe, don haka ƙara masa caji kaɗan-kaɗan ba ya rage masa kwana. Ka yi ƙoƙarin tsayawa a kashi 15 ko 20. In ya kai sifili, a cika shi a ranar.

Wanda akwatinsa ke zaune a jone kullum, kamar mai shagon kwamfuta da ke son kada aiki ya yanke in an ɗauke wuta, ya sa iyakar caji a kashi 80 ko 90 in akwai wannan zaɓi. Wanda kuwa ke ƙarar da shi kowane dare ya cika shi fal, ai ba zai daɗe a ciken ba.

Batirin LFP yana da wani hali: boltejinsa kusan ɗaya ne daga kashi 20 har 90, shi ya sa na'urar ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita maimakon aunawa kai tsaye. Da tafiya ta yi nisa ƙirgar takan kauce, sai ka ga ya faɗo daga 30 zuwa sifili farat ɗaya. Yawanci ba lalacewa ba ce. Duk wata biyu ko uku a cika shi, a yi amfani da shi har ya kashe kansa, a sake cikawa ba yankewa.

9. Shara da ajiya

A hunturu kowane mako, sauran lokaci kowane wata: kashe shi, zare komai, share ramukan iska da burushi, goge jiki da busasshen tsumma. Ban da ruwa, ban da fetur. Duba kebul ko ɓera ya taɓa, duba filogi ko ya yi baƙi. Filogin da ya yi baƙi alamar soket ya saki ne, a canza shi. Kada ka kwance akwatin. Ko a kashe yake batirin a raye yake, sukudireba ɗaya ta gitta tsakanin ƙarafa biyu sai tartsatsi, garantin ma ya tashi.

In za ka yi doguwar tafiya, ci-rani ko aikin Hajji, ka bar shi a kashi 50 zuwa 60, a kashe gaba ɗaya, a wuri mai sanyi da bushewa. Ka bar wa wani amanar ya duba shi duk wata uku ya mayar da shi wannan matsayi. Batir yana tsiyaya a hankali ko ba a taɓa shi ba. Wanda aka ajiye a sifili yakan zarce ƙasa da inda BMS ke yarda a sake masa caji, daga nan ko dai ya ƙi tashi, ko ya tashi da rauni.

10. Alamun haɗari, da ranar da ya gama aiki

In jikinsa ya kumbura ko ya tsage, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya zama a kai alhali ba ya wani aiki, ko ka ji wari mai zaƙi-zaƙi irin na sinadari, ko wani huci daga ciki, a daina amfani da shi nan take. Haka in ya faɗo daga babur da ƙarfi ko ruwa ya shige shi: kada a kunna don a gwada. A zare shi, a fitar da shi fili kan yashi, nesa da danga da zana da duk abin da ke ci da wuta, a kira mai gyara.

In ya fara hayaƙi, mutane za a fara fitarwa, ba kaya ba. Hayaƙin batirin litiyam guba ne, kada a tsaya shaƙa. A yanke wutar gidan, a kira 'yan kwana-kwana. In ya kama, bayan an tabbatar ba ya jone da layi, ruwa mai yawa daga nesa shi ke sanyaya shi. Bargo ko yashi ba sa hana shi ci daga ciki. Ko wutar ta mutu a bar shi a waje kwana guda cur, don takan sake tashi bayan awanni.

Akwatin da ƙarfinsa ya sauko kashi 80 ko 70 bai mutu ba, a rage masa kaya ya ci gaba da riƙe fitilu da wayoyi. In ya ƙare gaba ɗaya, kada a jefa shi juji, don jujinmu wuta ake sa masa. Kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan, su da guduma suke fasa kaya, ƙwayar litiyam kuwa in aka huda ta tana iya kamawa a hannun yaron da ke fasawa. A liƙe ramukansa da tef ɗin masu wayarin, a mayar wa dilan da ya sayar da shi ko mai aikin sola da ya san yadda ake raba ƙwayoyin.